Jinin da ke kan asuwaki: labarin bakin wani direban Maraɗi

Labarin da zan bayar na wani dattijo ne da ya zauna a kujerar aikinmu ta haƙori a nan Maraɗi, kuma shi da bakinsa ya ce a ba da shi. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, kada a kama sunansa. Cewa ya yi, "Ɗana, ka faɗa wa mutane yadda abin ya faro da inda ya kai ni, ko Allah zai sa wani ya tsira da nasa." Zan kira shi Baba Direba, don haka ƴan tasha ke kiransa.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Madarumfa. Yana da shekara 15 ya shigo birni ya zama yaron mota, yana da 22 ya kama sitiyari, daga nan ya yi shekara 33 yana bin hanyar Ɗan Isa, Jibiya, Katsina zuwa Kano, wani zubin Damagaram ko Ƙwanni. Duk wanda ya san aikin direban dare ya san abin da ke riƙe masa ido: goro a kunci, sigari a hannu, shayi a duk inda aka tsaya, na fari da na biyu da na uku, kowanne da sukarinsa. Ranar da ya zo mana yana da shekara 57, saura haƙori 27 cikin 32, kuncinsa na dama a kumbure, kwana uku bai runtsa ba.

Baba Direba ba ƙazami ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Tun yana yaro asuwaki ba ya rabuwa da aljihunsa, kowace alwala sai ya yi, don ya riƙe hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce da ba don gudun tsananta wa al'umma ba, da ya umarce su da asuwaki a kowace salla. Asuwaki kuwa yana aiki, babu mai musun haka a cikinmu. Matsalar tana ga inda itacen ke kaiwa. Na ce ya nuna mini yadda yake yi, sai ya ɗaga leɓe ya goga fuskar haƙoran gaba, sama da ƙasa, hagu da dama, ya tofar, ya mai da aljihu. Bai kai rabin minti ba. Shekara 40 da ɗoriya yana haka. Bayan haƙoran ƙasa, wajen da harshe ke kwanciya, bai taɓa ganin asuwaki ba. Haka turamen can ƙurya, haka tsakanin haƙori da haƙori.

Nan kuwa cutar take kafa sansani. Ƴan sa'o'i bayan an goge baki, wata farar dauɗa mai yauƙi takan fara kwanciya a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Mutane suna ɗauka ragowar tuwo ce, alhali ƙwayoyin cuta ne suka yi dandazo suka manne. Kurkure baki ba ya ɗaga su, sai an goga. In aka bar dauɗar kwana ɗaya zuwa uku, gishirin da ke cikin miyau, wato kalsiyam da fosfet, sai ya fara ratsa ta tana daskarewa, kafin mako biyu ta zama wani abu mai tauri kamar siminti, wanda muke kira kanta. Daga nan buroshi da asuwaki sun gama nasu, sai ƙarfen likita. Cire ta shi ne wankin haƙori, wanda ake rubuta wa detartaraj a takardar asibiti. Ta fi taruwa a wuri biyu, bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen kunci na turamen sama, saboda a nan ƙofofin miyau suke buɗewa. Illarta tana cikin kaushinta: sabuwar dauɗa na samun wurin kamawa a jikinta, ta zauna jikin dasashi dare da rana ba mai tayar da ita.

Baba ya ce yana wajen shekara 25 ya fara ganin ja-ja a bakin asuwaki. Wani ya ce masa zafin jiki ne, wani ya ce itacen ne ya yi tauri. Sai ya yi abin da kusan kowa ke yi, ya daina taɓa wurin da ke jinin. Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi. In ya yi, to kumburi ne, dauɗa ce ta daɗe a gindinsa, kuma abin yi shi ne a ci gaba da goge wurin a hankali, a je a cire kantar da ta riga ta taru. A wannan mataki ƙashi bai taɓu ba. Zama ɗaya na minti 30 zuwa 45, da gyara yadda ake goge baki, cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin zai tsaya, dasashi ya koma yadda Allah ya halicce shi. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai a labarin Baba. Duk wahalar da zan zayyana a ƙasa, da zama ɗaya aka kauce mata a lokacin.

Da shan sigarinsa ya ƙaru sai jinin ya ragu, ya ɗauka warkewa ce. Nikotin ne ke matse ƙananan hanyoyin jini na dasashi, ya ɓoye alamar, ciwon kuma na ci gaba a ƙarƙashi, har ya fi na wanda ba ya sha sauri. Ga jan goro ya rine komai, ba ya bambance jan kumburi da jan rini. Yana da shekara 45 ya bar sigari, bayan ƴan watanni jini ya dawo ya fi na da, abokan tasha suka ce barin tabar ne ya jawo. Ba shi ba ne, labulen ne aka yaye. Masu tabar gari da kanwa a leɓe, da iyayenmu mata masu shafa fure, su ma abin ya shafe su.

Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan siririn rami, zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ga mai lafiya. In kumburi ya daɗe, dasashi yakan saki jikin haƙori, ramin ya zurfafa ya zama aljihu. Kanta ta gangara ciki, a can kuma baƙa ce ƙirin saboda jinin da ke ratsa ta, ta fi ta waje tauri da manne wa saiwa. Jiki na yaƙi da ƙwayoyin cutar, garin yaƙin ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwa yana narkewa kaɗan-kaɗan. Babu zafi. Kogon haƙori shi ke hana barci ya kawo mutum asibiti da gudu. Ciwon dasashi yakan yi shekara 20 yana aiki shiru, abin da ake ji kawai wari. Uwargidan Baba ta faɗa masa, ya koma tauna kanumfari da tsotsar alewa mai sanyi, ya ƙara wa bakin sukari. Yana da shekara 50 aka gano masa ciwon suga, shi kuwa da ciwon dasashi hannu ɗaya suke: suga mai yawa yana raunana garkuwar dasashi, kumburin dasashi kuma yana hana suga sauka. Cikin shekara 7 ya rasa haƙori 5. Biyu sun fita da kansu, uku wani mai cire haƙori a bakin kasuwa ya fizge. Duk lokacin da wuri ya kumbura sai ya sayi kafso wajen masu tallar magani a tasha, ya lafa mako biyu ko uku ya dawo, domin abin da ke haddasa ciwon yana nan manne da saiwa, ƙwaya ba ta kankare dutse. Sau ɗaya ya danna ƙwayar asfirin a gindin haƙori ya kwana da ita, ta ƙone masa dasashi ya yi fari fat.

Na tambaye shi, "Baba, me ya hana ku zuwa a wanke tuntuni?" Ya ce wani abokinsa ya je an wanke masa, ya dawo haƙora na girgiɗa, ga wushirya ta buɗe ko'ina, ruwan randa ma ba ya iya sha. Tun daga ranar ya rantse ba mai sa masa inji a baki. Wannan magana na ji ta daga unguwar Bagalam har unguwar Zariya a nan Maraɗi, daga bakin ƴan kasuwa har malaman lakwal, kuma ita ce ta fi raba mutanenmu da haƙoransu.

Kafin ƙarfe ya shiga bakin mutum akwai tambayoyi, wanda duk ya tsallake su bai san aikinsa ba. Suga, tansiyon (wato hawan jini), ciwon zuciya, juna biyu, tari mai daɗewa, da magungunan da ake sha. Mai shan maganin tsinka jini sai an sani, amma kada ya daina sha da kansa. Wanda aka sa wa bawul na roba ko na ƙarfe a zuciya, ko ya taɓa ciwon ƙwayar cuta a cikin zuciya, ana ba shi amoksisilin giram 2, minti 30 zuwa 60 kafin aiki, in jikinsa na karɓar maganin. Mai tarin fuka da bai warke ba, ba a kunna masa inji, don feshin ruwan zai watsa cutar cikin ɗaki. Wasu magungunan tansiyon irin su amlodifin da nifedifin, da fenitoyin na farfaɗiya, suna sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. Sugan Baba da safe kafin ya ci komai giram 2.4 ne a lita, alhali daga 1.26 ake cewa mutum na da ciwon. Saboda haka ranar farko abin da aka yi kaɗan ne: aka buɗe ƙurjin mugunya ta fita, aka wanke aljihun, aka mai da shi wajen likitan suga.

Da ya dawo bayan kwana 10 aka yi awo. Akwai siririn ƙarfe mai layi-layi na milimita, bakinsa a dunƙule don kada ya huda, ana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri 6 a kowane haƙori, uku ta waje uku ta ciki, ana rubutawa. Milimita 4 zuwa 5 aljihu ne da wanki mai kyau ke gyarawa. Daga 6 zuwa sama abin ya yi nisa. A bakin Baba mun samu 5 da 6 kusan ko'ina, turmi biyu na sama suna da 9, ana taɓa su suna lotsawa ciki. Hoton radiyo ya nuna haƙoran gaba huɗu na ƙasa sun rasa fiye da rabin ƙashinsu. Abin da ke riƙe da su wata katangar kanta ce da ta haɗe su wuri ɗaya ta baya, har ba a ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Na ɗora hoton a haske na nuna masa tun ban taɓa komai ba, domin in ba a yi wannan bayani da wuri ba, laifin ciwo yakan koma kan magani. Na ce, "Baba, kun san ɗakin da gara ta cinye azararsa, yaɓe ya rufe. Ranar da magini ya ɓamɓare yaɓen aka ga azara ta zama gari, shi ya ci ta?" Ya ce a'a. Na ce, "To in na cire wannan kantar, haƙoran nan huɗu za su yi motsi. Kumburi zai sace, dasashi ya ja baya, ku ga giɓi tsakaninsu, ruwan sanyi ya dame ku kwanaki. Abin da ya samu abokinku ke nan. In kuma aka bar ta, ƙashin da ya rage zai ci gaba da narkewa, wata rana su fita tare da ita gaba ɗaya." Ya yi shiru ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Bismilla."

Injin wankin ba ya yanka, ba ya niƙa. Ɗan siririn bakin ƙarfe ne mai karkarwa sau 25,000 zuwa sama a daƙiƙa ɗaya, karkarwar ce ke farfasa kanta ta saki jikin haƙori, ruwa na fesowa yana sanyaya ƙarfen yana wanke ɓarɓashi, wani bututu na zuƙewa. Farin ɓawon haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, in an riƙe injin daidai ba ya cin sa. Daidai ɗin shi ne a kwantar da gefen bakin ƙarfen jikin haƙori, karkacewar kada ta wuce digiri 15, a yi aiki da milimita 2 zuwa 3 na ƙarshensa, hannu sakwa-sakwa, ana tafiya ba a tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya kafa tsinin a kan haƙori zai yi masa zane, musamman a saiwa da ba ta da wancan ɓawo. Wanda ya rage ruwa zai dumama haƙori har jijiyar ciki ta ji. Wanda ya danna da ƙarfi ya kashe karkarwar, aikin ya ragu, ciwo ya ƙaru. Bakin ƙarfen ma yana cinyewa: in ya ragu da milimita 1 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, in ya kai 2 ya rasa rabi, sai a jefar. Tsohon baki yakan goge saman kanta ta yi sumul ya bar ta a wurin, ido ya ga kamar an gama. Don haka tsoron da mutane ke yi yana da ɗan tushe, ana samun hannun da bai ƙware ba.

Minti biyu da fara aiki katangar nan ta tsage, wani ɓangare kamar rabin ƙwayar gyaɗa ya faɗo. Na ɗora shi a kan auduga na miƙa masa. Gefe ɗaya ruwan ƙasa ne da jan goro, ɗaya gefen baƙi, da shatin saiwoyi uku a jiki kamar sawun yatsu a laka. Ya juya shi da farce ya ce, "Likita, haƙorina ne ya karye?" Na ba shi madubi ya ƙirga, huɗu suna nan. Ya kai harshe wurin ya ji ramuka tsakaninsu waɗanda rabonsa da jin su tun yana saurayi. Dasashin da ke ƙarƙashi ja ne jawur kamar ɗanyen nama, yana tsattsafo da jini.

Wannan na sama ne kawai. Babban aikin yana ƙarƙashin dasashi, kuma ba a yin sa da gaggawa. An raba bakin gida huɗu, kowane gida zama ɗaya na kusan awa guda, da allurar kashe zafi, mako-mako. Ana shiga aljihu da siririn bakin inji, sannan a bi da ƙarafan kankara na hannu da ake kira kiret, kowanne da lanƙwasarsa: akwai na haƙoran gaba, akwai na fuskar turmi ta gaba, akwai na ta baya. Ido ba ya gani a can, da yatsu ake ji, ana bin saiwa har sai kaushi ya ɓace. Wurin da ya fi wuya shi ne inda saiwar turmi ta rabu biyu ko uku, nan kanta ke ɓuya. A ƙarshe a goge da ɗan kofin roba mai juyawa a hankali da man gogewa, ya ɗauke rinin goro da shayi. Turame biyun nan masu milimita 9 ba su cetu ba, an cire su. Haƙoran gaba huɗu kuma aka ɗaure su ta baya da siririyar waya da farin abin ciko, suka jingina da fiƙoƙi.

Akwai abin da nake roƙon kowa ya duba duk inda ya je. Wankin haƙori aiki ne na jini, ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuwa tana iya yin mako guda da rai a jikin ƙarfen da ya bushe. Jiƙa kaya a ruwan jabel ko shafa musu alkol bai wadatar ba. Sai an wanke, an busar, an sa a leda ta musamman, an dafa a tukunyar tururi mai matsi, digiri 134 na minti 18 kamar yadda aka koyar da mu. Haƙƙinka ne a yage ledar a gabanka, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambaya. Ruwan da ake tallarsa a kasuwa mai faranta haƙori cikin minti ɗaya kuwa, asid ne ke wannan aiki, ɓawon yake narkarwa, kuma ba ya tsirowa. Lemun tsami haka, gawayi da toka kuma suna kankare wuyan haƙori.

Kwanakin farko sun yi wa Baba wuya kamar yadda aka faɗa masa. Ruwan sanyi na tsarga masa har ƙwaƙwalwa, domin saiwar da kanta ta lulluɓe shekaru ta fito fili. Irin wannan yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, man goge baki na masu jin sanyi yana taimakawa, a shafa da yatsa a bar shi a wurin. An ba shi ruwan kurkura na kuloheksidin mai ƙarfin 0.12 cikin ɗari, mililita 15 safe da dare, daƙiƙa 30, a tofar, a bar rabin awa tsakaninsa da man goge baki. Mako biyu kawai, don in ya wuce haka yana baƙanta haƙori da harshe, ya dagula ɗanɗano, ga mai shan shayi abin ya fi sauri. Ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi shi ma yana sanyaya dasashi.

Ban raba shi da asuwakinsa ba, gyara masa riƙo na yi: a tauna bakin ya yi laushi, a yanke wanda ya baje, a bi gindin kowane haƙori ciki da waje. Aka ƙara masa buroshi mai laushi, safe da kuma dare kafin barci, minti 2, gashin a karkace yana kallon dasashi, ana ɗan kaɗawa ba a dirza ba. Bayan haƙoran gaba a miƙar da buroshin tsaye. Man ya zama mai fuloraid, a duba jikin kwali a ga adadin fuloraid ɗin ya kai 1,000 zuwa 1,500 ppm, a tofar ba a kurkure ba. Buroshi wata uku a sake. Giɓin da ya buɗe ya yi wa zaren sakace faɗi, sai ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora, sau ɗaya a yini. Shayi kuma muka yi ciniki. Duk kurɓar sukari tana barin baki cikin tsami wajen rabin awa, saboda haka kofi uku a jere bayan abinci ya fi sauƙi a kan kofi ɗaya-ɗaya tun hantsi har dare. Likitan suga ma ya riga ya hana shi yawancinsa.

Bayan mako 8 aka sake awo, don kafin mako 6 dasashi bai gama warkewa ba, awon zai yi ƙarya. Wuraren da ke 5 da 6 yawancinsu sun koma 3 da 4, jini ya tsaya sai wuri uku. Warin ya tafi, uwargida ce ta fara shaidawa. Awon jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku ya sauka, akasari saboda maganin da ya riƙe, amma an tabbatar gyaran dasashi shi kaɗai yana rage wannan awo da kusan rabin maki. Ƙashin da ya narke bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba. An dai tsayar da ɓarnar inda ta kai.

Wata huɗu bayan haka ya shigo da matar ɗansa, tana da cikin wata biyar, dasashinta na jini, tsofaffin gida sun ce mai ciki ba ta zuwa wajen likitan haƙori. Juna biyu yana sa dasashi saurin kumbura ko da dauɗa kaɗan ce, wanki kuma ba ya cutar da ciki, wata na huɗu zuwa na shida ya fi daɗin zama a kujera. Aljihunta bai wuce milimita 3 ba, minti 35 aka gama, bayan kwana 10 jini ya ɗauke. Amma ta ce, "Likita, wannan jan fa?" Haƙoranta na gaba suna da ɗigo-ɗigon fari kamar alli da zane ruwan ƙasa. A Tibiri, kusa da Maraɗi, aka haife ta. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 ruwan pampon garin yana ɗauke da fuloraid da ya ninka miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, yara da yawa suka tashi da rinannun haƙora, wasu da lanƙwasassun ƙafafu. Wannan rini a cikin ɓawon yake tun haƙori na tsirowa, inji ba ya cire shi, wanda ya ce zai kankare miki shi haƙorin zai ci. Gyaransa daban ne, a lulluɓe fuskar haƙorin da farin abin ciko, na ce ta bari sai ta sauka lafiya. Na kuma ja mata kunne a kan ɗanta na fari: yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya fara jini da wari, a kai shi asibiti a ranar, domin ta haka ne ciwon da ake kira noma ke farawa, kuma cikin kwanaki yake cin fuska.

Ita randebunta wata shida zuwa shekara. Baba nasa wata uku-uku ne har iya rayuwa, domin mai suga da ya riga ya yi aljihu, ƙwayoyin cutar sukan sake cika shi cikin ƴan watanni. Yakan sa nasa zuwan kafin azumi da bayan salla don kada ruwan inji ya sa shi waswasi. Yanzu shekara biyu ke nan, haƙori 25 da ya rage suna nan. Tuwo da shinkafa ba matsala, nama sai ya yanka ƙanana, gasasshiyar masara ya haƙura da ita saboda na gaban nan huɗu. Akwai turmi ɗaya na ƙasa ta hagu da har yau yake milimita 6 yana ɗan jini in an auna, an sake kankare shi a zuwansa na ƙarshe, za a duba shi in ya dawo bayan babbar salla.